Cikin Mota Daban, Ƙarfinta Daban: Sharhi Kan Ƙananan Motocin Dakon Kaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe a kasuwar hatsi ta Dawanau, ko ta kayan gwari a 'Yankaba, ya san yadda cinikin lodi yake ƙarewa. 'Yan dako sun jera buhuna har bayan mota ya durƙusa, tayoyin baya sun fara shigewa cikin bodi, sai mai kaya ya leƙa ta ƙofar baya ya hango sauran fili tsakanin buhun ƙarshe da rufi.

"Direba, ai akwai wuri. A ƙara biyar mana."

"Alhaji, wallahi ta ɗauka. Dubi ƙafar baya."

"Haba, wannan ƙatuwar motar? A sa, zan ƙara maka wani abu."

Shi ke nan, buhu biyar sun hau. Alhaji bai yi ƙarya ba, wuri kam akwai shi. Direban ma gaskiya ya faɗa. Abin da ya raba su shi ne kowace motar kaya ma'auni biyu gare ta: girman cikinta da nauyin da za ta iya ɗauka. Na farko ido yana ganinsa, na biyu kuwa sai an karanta ko an hau sikeli. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, a irin waɗannan motoci ma'aunan biyu kishiyoyin juna ne. Sau da yawa, gwargwadon girman bodi, gwargwadon raguwar nauyin da ya halatta a ɗora.

Inda iyakar ta samo asali

Akasarin rufaffun motocin kaya da ke yawo a hanyoyinmu Turai aka ƙera wa su, kuma dokar can ce ta ɗinka musu riga. A Turai akwai rukunin motocin kaya da ake kira N1, wato waɗanda nauyinsu gaba ɗaya, mota da mai da direba da kaya, bai wuce kilo 3,500 ba. Wannan adadi shi ne kuma iyakar lasisin tuƙi na kowa da kowa, mai harafin B. Da mota ta haura haka, sai a nemi wani lasisin daban, a ɗaura mata na'urar da ke lissafa sa'o'in aikin direba, a kuma ƙayyade gudunta. Ɗan kasuwa ba ya son wannan ɗawainiya, don haka kamfanoni suka yi cincirindo a ƙarƙashin kilo 3,500, kowa yana ƙoƙarin cusa babban bodi cikin wannan iyaka.

Lissafin mai sauƙi ne. A cire nauyin motar ita kaɗai daga 3,500, abin da ya rage shi ne rabon kaya. A ce doguwar mota mai dogon rufi tana da kilo 2,100, saura 1,400. Direba da yaron mota sun ci kamar 150. Ƙarin safaya, jak, jarkar mai, igiyoyi, tamfol da kariyar da mai walda ya ɗora a rufi sun ci wani 100. An dawo 1,150. Buhun siminti 23 ke nan, ko buhun masara mai kilo 100 guda 11, ko ledar fiya wata 115, tunda leda ɗaya mai ƙulli 20 kilo 10 ce. Alkaluman da kamfanoni ke bugawa a takardun talla sukan fi haka daɗin ji, domin na motar da ta fito daga masana'anta ne babu wani ƙari a jikinta, kuma wasu sun riga sun lissafa direba ɗaya a kan kilo 75, wasu ba su lissafa ba.

To, buhun siminti 23 bai cika kubik mita ɗaya ba, wato akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗai-ɗai ne. Ita kuwa irin wannan mota cikinta yakan kai kubik mita 17. Mai kallo zai ga 'yan buhuna a ƙasa, sama wayam, ya ce ba a fara lodi ba, alhali mota ta ƙoshi. Da za a cika cikin nan da ruwa, tan 17 za a samu, kusan ninki biyar na nauyin da aka yarje wa motar duka. Kafin a cika ta maƙil ba tare da an wuce ƙa'ida ba, sai kayan da kubik mitansa bai kai kilo 70 ba, irin katifa, kujerun roba da robobin da babu komai a ciki. Duk wanda ya sayi mafi girman cikinsu don dakon hatsi, kallon kitse ya yi wa rogo.

Daga 'yar ƙurƙura zuwa mai taya biyu-biyu

Mafi ƙanƙanta a dangin su ne 'yan Japan, irin Suzuki Carry da Daihatsu Hijet. Su ma doka ce ta haife su. Rukunin da Japanawa ke kira kei bai yarda tsawon mota ya wuce mita 3.4 ba, faɗi mita 1.48, inji sisi 660, kaya kuma kilo 350. Buhun shinkafa bakwai ke nan. Mai karatu ya tuna abin da ya saba gani a bayan 'yar ƙurƙura a Singa ko Ƙofar Ruwa, ya kwatanta da bakwai.

Sama da su akwai irin Citroën Berlingo, Peugeot Partner, Renault Kangoo da Volkswagen Caddy. Cikinsu kubik mita 3 zuwa 4 da 'yan kai, kuma masu ƙarfin cikinsu sukan ɗauki kusan tan ɗaya. Sai matsakaita, su Ford Transit Custom, Renault Trafic, Mercedes Vito da Volkswagen Transporter, wadda tun 1950 ake ƙera danginta, kuma tsohon samfurinta ne Legas ta shafa wa ruwan ɗorawa ta mai da shi danfo. Cikin waɗannan kubik mita 5 zuwa 7 ne ga akasarinsu. Toyota HiAce, wadda muke kira Hayis, ta fara fitowa a 1967, kuma a girma nan ajin ta fi kusa da shi. Daga nan sai manya: Ford Transit da aka fara a Ingila a 1965, Iveco Daily ta 1978, Fiat Ducato ta 1981, Mercedes Sprinter ta 1995, da Renault Master.

A ajin manyan ne ake cin karo da haruffan L da H a takardun mota. L tsawon bodi ne, H tsayin rufi. Ducato, wadda ake ƙerawa a masana'antar Sevel da ke Atessa a Italiya tare da tagwayenta Peugeot Boxer da Citroën Jumper, ta isa misali. A samfurin da ya fito tun 2006, L1 tsawonta ya kusa mita 5, L2 mita 5.4, L3 ta kusa mita 6, L4 kuma mita 6.36. Ta ciki, rufin H1 mita 1.66 ne, dole babban mutum ya sunkuya. H2 mita 1.93, H3 mita 2.17. Idan aka haɗa su, L1H1 tana da kubik mita 8, L2H2 tana da 11.5, L3H2 tana da 13, L4H3 tana da 17. Ciki ya ninka har da ɗoriya, amma idan duka biyun a kan kilo 3,500 aka yi musu rajista, gajeruwar ta fi doguwar rabon kaya da kilo ɗari biyu ko fiye, saboda ƙarin ƙarfen bodin daga rabon kaya ake zabtare shi.

Faɗin da ke tsakanin tudun tayoyin baya ma abin dubawa ne. A Ducato mita 1.42 ne, kuma an yi shi ne da gangan, domin katakon ɗora kaya na Turai, wanda ake ɗagawa da na'ura, santimita 120 ne a 80, ana so ya shige ta kowace fuska.

Mercedes kuwa a lambar mota take faɗin ƙarfinta. A Sprinter 313, lambar farko tana nuna ajin tan 3.5, biyun ƙarshe ƙarfin inji kusan doki 130. Mai lamba 515 ajin tan 5 ce, galibi da taya biyu-biyu a baya. Daga nesa bodinsu iri ɗaya, amma ta biyun ta fi ta farkon ɗaukar kaya nesa ba kusa ba. Iveco Daily ta fi kowa nisa ta wannan fuska: shasinta daban yake da bodi kamar na babbar mota, shi ya sa take kaiwa ajin tan 7, cikinta kuma har kubik mita 19.6.

Kowane bodi da abin da yake ci

Rufaffen bodi marar tagogi shi ne uwar gida a wannan dangi. Yana kare kaya daga ruwa da ƙura da idon ɓarawo, ga ƙofar gefe mai zugewa, ga biyu a baya. Akwai mai layin kujeru biyu, na masu aikin gini ko gyaran wuta da ke tafiya da ma'aikata da kayan aiki lokaci guda. Layin kujerun yana rage tsawon wurin kaya, mutanen da suka zauna a kai kuma suna rage nauyi. Akwai mai tagogi da kujeru har baya, wato bas.

Sai wadda kamfani ke sayarwa kai da shasi kawai, mai saye ya kai a gina masa bodin da yake so. A kanta ake ɗora buɗaɗɗen baya mai gefuna masu saukowa, irin akori-kura, na dakon rodi da katako da bulo. A kanta ake ɗora 'yar tifa, sai dai ƙarfen kwandon da famfon da ke ɗaga shi suna da nauyi, har yashin da ya halatta ta ɗauka bai fi tan ɗaya da 'yan kai ba, ƙasa da kubik mita ɗaya ke nan. A kanta kuma ake ɗora babban akwati mai goshi da ya leƙo saman kan direba, wanda Ingilishi ke kira Luton, sunan wani gari a Ingila da ya shahara da ɗinkin huluna. Hula kaya ce mai cin wuri marar nauyi, kuma har yau aikin da ya dace da wannan bodi ke nan: kwashe gadaje da kujerun masu ƙaura. Idan aka ƙara masa na'urar ɗaga kaya a ƙofar baya, rabon kaya yakan sauko tan ɗaya ko ƙasa, duk da cewa a ido ya fi kowa girma. Haka motar sanyi ta kifi ko magani: kaurin bango da injin sanyaya suna cin wuri suna cin nauyi.

Ƙafar da ke jan mota ita ma tana da tasiri. Mai ja da gaba, kamar Ducato, daɓenta yana kusa da ƙasa, lodi ya fi sauƙi, kuma ta fi rashin nauyi tunda babu doguwar sandar da ke kai ƙarfi baya. Mai ja da baya, kamar Hayis da akasarin Sprinter, ita ta fi riƙe ƙasa idan kaya ya danne ta, musamman a hawa ko cikin taɓo. Masu lantarki da ake yayi yanzu sun zo da tasu matsalar: batir yana da nauyi ƙwarai, har wasu ƙasashe, ciki har da Birtaniya, suka ɗaga iyakar lasisin B zuwa kilo 4,250 saboda su.

Wani lokaci kuma haraji ne yake yanke siffar bodi. A 1964 Amurka, ƙarƙashin Shugaba Lyndon Johnson, ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin kaya da ake shigowa da su, ramuwar gayya kan harajin da Turai ta sa wa kajin Amurka.  Shekaru da yawa bayan haka, lokacin da motar fasinja ke biyan kashi 2.5 kacal, kamfanin Ford ya riƙa shigo da Transit Connect daga Turkiyya da kujerun baya a matsayin motar fasinja, da ta wuce kwastan sai a kwance kujerun a sayar da ita a motar kaya. Gwamnati ta ƙi yarda, aka yi ta shari'a, har a 2024 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 365 a kashe maganar. Kujera ɗaya ta isa ta raba motar kaya da ta mutane a idon hukuma.

Ɗan allon da ba a karantawa

A jikin kowace irin wannan mota da aka ƙera don Turai akwai ɗan allo na ƙarfe ko takarda mai manne, a ginshiƙin ƙofa ko kusa da inji. Ƙarƙashin lambar shasi za a ga adadi huɗu a jere, misali 3,500, sai 6,000, sai 1,850, sai 2,000. Na farko nauyin mota da kayanta. Na biyu nauyinta haɗe da tirelar da za ta ja. Na uku iyakar ƙafafun gaba, na huɗu iyakar na baya. Idan aka tara biyun ƙarshe za a samu 3,850, fiye da na farko. Wannan rarar sassauci ne don rabon kaya, ba ƙarin izini ba ne. Kuma mota tana iya kasancewa ƙasa da 3,500 amma ƙafar baya ta wuce iyakarta.

Mai jaki ya riga injiniya sanin wannan. Ba ya cika mangala ɓari ɗaya, ba ya kuma ɗora ta a kan kuturin jaki. Doguwar mota tana da nata kuturin. A Ducato, tazarar ƙafar gaba da ta baya a L3 da L4 ɗaya ce, mita 4 da ɗan kai. Ƙarin tsawon L4 duk a bayan tayoyin baya yake lilo. A ce an ɗora kilo 500 mita ɗaya a bayan tayoyin. Ƙafar baya kilo 625 za ta ji, ta gaba kuma ta yi asarar 125, kamar yadda yaro mai nauyi ke ɗaga ɗan'uwansa a kan katakon wasa. Idan gaba ya yi sakayau, sitiyari ba ya jin magana, fitila tana haska sama, in motar mai ja da gaba ce ma sai taya ta riƙa ƙwaƙular ƙasa a hawa. Ke nan buhunan da ake ɗaurewa a kan buɗaɗɗiyar ƙofar baya sun fi kowane kaya cutar da mota. Ƙa'idar ita ce mai nauyi ya zauna ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a jingine da bangon da ke bayan direba, a ɗaure shi. Na kan rufi kuwa yana ɗaga tsakiyar nauyin mota sama, a kwana sai ta nemi kifewa.

Taya ma tana ɗauke da nata rubutun. A gefen tayar Hayis akan ga 195R15C, sai 106/104. Harafin C yana nufin ta motar kaya ce. Lamba 106 tana nufin kilo 950 idan taya ɗaya ce a kowane gefe, 104 kuma kilo 900 idan biyu-biyu ne, kuma sai an ba ta iska yadda aka ƙayyade. Tayar ƙaramar mota mai lamba 91, wadda za ta iya hawa irin wannan rim ɗin, kilo 615 ce iyakarta. Wanda ya sa ta don araha ya zubar da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ƙafar motarsa, kuma ba zai sani ba sai kwalta ta ɗauki zafi da azahar.

Idan mota ta iso hannunmu

Peugeot J5, 'yar'uwar Ducato ta farko, tun tsakiyar shekarun 1990 aka daina ƙera ta Boxer ta gaje ta, amma sunanta bai bar bakin 'yan gwari ba. Ita da magadanta ne suka yi shekaru suna kai tumatir da albasa da tattasai daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Akasarinsu 'yan Kwatano ne, sun gama aikinsu a Turai kafin su fara wani a nan. Da isowa sai a kai wa makaniki ya ƙara sifirin, domin baya ya daina durƙusawa. Baya kam ya daina, amma birki nasa na asali ne, taya ita ce dai, ƙarfen ƙafa da shasi ba su ƙaru ba. Abin da aka yi shi ne an toshe bakin motar, an hana ta kuka. Aikin birki shi ne mai da gudun mota zafi, kuma zafin yana ƙaruwa daidai da nauyi: mota mai ninkin kaya tana gasa birkinta a doguwar gangara har ya daina kamawa, direba yana takawa yana salati.

Ɗaya sauyin shi ne mai da motar kaya ta fasinja. A fasa tagogi a bango, mai walda ya kafa benci. A Ghana an daɗe ana yi wa tsohuwar Mercedes 207, wadda aka fara a 1977, da Sprinter bayanta, irin wannan aiki don su zama motocin haya da ake kira tirotiro. Mutum ma kaya ne a wurin sikeli. Fasinja 18 a kan kilo 70 sun kai 1,260, ba a lissafa benci da buhunan da ke ƙarƙashin ƙafafunsu ba. Sannan daɓen motar kaya ba a yi shi don riƙe kujera da bel ba, ranar karo benci yakan tumɓuke da mutanen da ke kansa.

Ba jahilci ne kawai ke sa direba yin haka ba. Kuɗin mai, balas ɗin mai mota, kamasho, da abin da ake miƙawa a shingaye duk daga lodi ɗaya za su fito, kuma idan ya ƙi buhu biyar ɗin nan na Alhaji, na bayansa a layi zai karɓa. Hukumar kiyaye haɗura ta Najeriya, da aka kafa a 1988, ta sa lodin wuce ƙima cikin laifuffukan hanya, amma jami'in da ke bakin titi da ido yake aunawa, ido kuwa tulin katifa yake kamawa ya ƙyale siminti ya wuce. Ribar da ake ganin an ci a ƙarin buhu, a kan taya da kuloci da sifirin ake biyan ta cikin 'yan watanni, in an yi sa'a ba a biya da rai ba. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Saboda haka mai shirin sayen irin wannan mota ya fara da kayansa kafin ya je wurin dillali. Mai dakon hatsi, siminti, man gyaɗa ko fiya wata, gajeruwa mai gajeren rufi ta fi masa, ko ya daure ya hau ajin tan 5 mai taya biyu-biyu. Mai katifa, biredi ko kayan ɗaki shi ne ya dace da doguwa mai dogon rufi. Mai rodi da katako ya nemi buɗaɗɗen baya. Wanda kuma ya riga ya mallaka, akwai aikin yini ɗaya da zai yi: ya cika tanki, ya ɗauki yaronsa da duk tarkacen da suka saba tafiya da shi, ya hau sikelin auna motoci irin na kamfanonin sayen amfanin gona, ya cire abin da sikeli ya nuna daga adadin farko na ɗan allon nan. Ya raba sauran da nauyin buhun da ya saba ɗauka, ya rubuta amsar da fenti a cikin ƙofar baya, daidai inda Alhaji yake leƙawa.